Wanda Ba a Yi wa Ta'aziyya Ba: Nazari kan Alhinin Wani Magidanci Bayan Rasuwar Ƙanensa

Da ya fara zama a gabana, bai yarda cewa baƙin ciki ne ya kawo shi ba. Ya ce ciwon ƙirji ne. Sau uku cikin wata biyu ana kai shi asibiti da tsakar dare, numfashi na sarƙewa, yana jin kamar an aza masa dutse a ƙirji. An yi gwajin zuciya, an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirjin, ba a ga komai ba sai jininsa da ya ɗan hau. Likita ta ƙarshe da ta duba shi ita ce ta yi tambayar da sauran ba su yi ba: yaushe wannan abin ya soma? Shi dai shiru ya yi. Matarsa ce ta ce, "Likita, tun rasuwar ƙanensa." Daga nan aka turo su wajena.

Da izininsa nake wannan rubutu, kuma na sauya duk wani bayani da zai sa a gane shi. Zan kira shi Yaya, domin haka marigayin yake kiransa, kuma wannan matsayi na zama babban wa shi ne ginshiƙin lamarin gaba ɗaya.

Abin da ya faru

Yaya na da shekara 43, akanta ne a wata ma'aikata, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Mahaifinsu ya rasu yana ɗan shekara 19, don haka kusan shi ya raini ƙanen nasa, wanda ya girma da shekara tara. Shi ya tsaya masa a karatu, shi ya tsaya masa a aure.

Ranar da abin ya faru akwai wasu takardu da za a kai wani gari, kuma Yaya ne ya kamata ya je. Ƙarshen wata ne, aiki ya riƙe shi a ofis, sai ya kira ƙanen ya ce ya je a madadinsa. Ƙanen ya ɗan yi ƙorafin gajiya. Yaya ya ce masa, "Kai kullum a gajiye kake." Wannan ce maganar ƙarshe da ya faɗa masa. A hanyar dawowa motar da ya shiga ta yi taho-mu-gama da wata babbar mota, ya cika nan take.

Kafin su taso ya aiko wa Yaya saƙon murya na daƙiƙa 14 a WhatsApp. Yaya ya ga shigowarsa yana tsakiyar lissafi, ya ce a ransa sai anjima. Ranar da ya zo wajena, wata 14 bayan rasuwar, saƙon na nan bai buɗe ba.

Shi ya je ya gano gawar. Shi ya gaya wa mahaifiyarsu, shi ya gaya wa matar marigayin mai ƙananan yara biyu. Shi ya tsaya kan jana'iza, ya bi basussuka ya biya. Ya ce bai zubar da hawaye ko sau ɗaya ba, kuma mutane sun yi ta yaba masa a kan haka. Da na tambaye shi me masu ta'aziyya suke ce masa, sai ya lissafo: "Ka kula da Mama." "Kai ne uban marayun nan yanzu." "Yaya matar take?" Na ce, to kai fa, wa ya tambaye ka yadda kake? Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Likita, ai ni ba ni aka yi wa mutuwa ba."

Wannan jumla ta tsaya mini a rai har yau. A 1989 wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya ja hankali kan irin alhinin da jama'a ba sa ba wa mai shi damar nunawa, ko don ba su ɗauki alaƙar da nauyi ba, ko don ba su ga mutumin cikin jerin waɗanda aka yi wa rashi ba. Ɗan'uwa baligi yakan faɗa cikin wannan rukuni. Ana ganin uwa, ana ganin mata da 'ya'ya, shi kuwa a mai da shi mai karɓar baƙi. Alhali shi ne ya fi kowa daɗewa tare da mamacin in ka cire uwa.

Yadda rashin ya ci rayuwarsa

Wata uku na farko hidima ta riƙe shi. Da hidimar ta ƙare, sai abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Barci ne ya fara tafiya. Yakan farka wajen ƙarfe biyu na dare, zuciyarsa ta shiga maimaita wayar nan da suka yi, yana sauya ƙarshenta: da na je da kaina, da na ce ya bari sai gobe, da na saurari saƙon na kira shi ya yi jinkirin minti biyar. Da na sani ƙeya ce, kowa ya san haka, amma sanin karin maganar bai taɓa hana mai alhini juyawa ya nemi ƙeyar ba. A ofis, mutumin da aka sani da ƙididdiga ya fara yin kurakurai, har aka ba shi takardar gargaɗi. Ya rame. Ya daina bin hanyar da ke wucewa ta tashar mota, ko da zagayen zai ƙara masa rabin awa.

A gida ya kafa dokar da bai taɓa furtawa ba: ba a ambaton sunan marigayin. Yara suka gane, suka yi shiru. Babban ɗansa ya samu damar tafiya gasar makaranta, ya hana, ya kuma yi faɗan da matarsa ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Duk wata yana aika wa matar ƙanen abin da za su ci, ba ya latti ko da kwana ɗaya, amma ba ya shiga gidan, saboda ɗan marigayin mai shekara shida kamarsu ɗaya da ubansa. Matar ta ɗauka fushi yake da ita. Mahaifiyarsu ta ɗauka ya warke ne, har tana cewa ta rasa irin taurin zuciyarsa. Matarsa kuma ta ce mini, "Yana cikin gidan, amma wallahi kamar su biyu aka binne."

Akwai abin da ya ɓoye wa kowa sai a zama na biyu ya faɗa, cikin kunya. Sau da yawa yakan hango ƙanen cikin cunkoson jama'a, ko ya ji muryarsa yana sallama a ƙofar gida. Ya tabbatar wa kansa cewa hauka ce ta fara kama shi. Na ba shi labarin wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, wanda a 1971 ya wallafa binciken da ya yi a kan mutum 293 da suka rasa miji ko mata. Kusan rabinsu sun ce sun taɓa jin kasancewar mamacin kusa da su, wasu sun gan shi, wasu sun ji muryarsa, kuma yawancinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba. Ƙwaƙwalwar da ta shekara sama da talatin tana tsammanin shigowar mutum ba ta daina tsammaninsa don an yi jana'iza. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Haka ma ciwon ƙirjin, ba ƙarya yake yi ba. Bayan gobarar da ta kashe mutum 492 a wani gidan rawa a birnin Boston a 1942, likitan ƙwaƙwalwa Erich Lindemann ya bibiyi waɗanda suka yi rashi, kuma a 1944 ya bayyana abin da ya gani: alhini yana zuwa wa jiki kamar igiyar ruwa, ya ɗauki minti ashirin zuwa awa guda, da shaƙewar maƙogwaro, da yawan ajiyar zuciya, da jin ciki ya zama fanko, da mutuwar gaɓoɓi. Kusan kalma da kalma abin da Yaya ya siffanta mini ke nan. Sai dai ina so mai karatu ya riƙe wannan: daidai aka yi da aka fara duba zuciyarsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau 21 a yinin farko bayan rasuwar wani na kusa, sannan ya riƙa sauka a hankali. Mai alhini da ke kukan ciwon ƙirji asibiti ake fara kai shi.

Me ya sa na ce wannan ya wuce alhinin da aka saba

Baƙin cikin rashi ba cuta ba ne, kuma ba na son a mai da shi cuta. Mafi yawan mutane suna ratsa shi ba tare da sun ga irina ba. Binciken George Bonanno na Jami'ar Columbia, wanda ya bi mutane tun kafin abokan zamansu su rasu har bayan rasuwar, ya nuna cewa rukuni mafi girma su ne waɗanda suka ji zafin sosai amma rayuwarsu ba ta tsaya ba. Saboda haka rashin kuka shi kaɗai bai dame ni ba. Akwai wanda ba ya kuka kuma lafiyarsa lau.

Abin da ya dame ni shi ne agogon Yaya ya tsaya. Wata 14 sun wuce, amma zafin na ranar farko ne, kuma duniyarsa kullum ƙara tsukewa take: hanya ɗaya ta haramta, gida ɗaya ya haramta, suna ɗaya ya haramta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan yanayi na alhini mai tsawo cikin sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. Sharuɗɗansa su ne bege mai tsanani ko shagaltuwa da tunanin mamacin, tare da raɗaɗi irin na zargin kai, fushi ko kasa amincewa da mutuwar, na aƙalla wata shida, wanda ya zarce abin da al'ummar mutumin ta saba gani, kuma yake lalata masa aiki da zamantakewa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bi sahu a Maris na shekarar, amma ita ta sa wata 12 ga manya. Ta kowane ma'auni Yaya ya shiga ciki. Ƙiyasin da aka yi a 2017 daga haɗa bincike da dama ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na manyan da suka yi rashi ke faɗawa wannan hali, kuma mutuwar fuju'a irin ta hatsari tana ƙara haɗarin.

Na auna ko ciwon damuwa ne. Akwai ɓurɓushinsa, amma ba shi ne jigo ba. Mai ciwon damuwa yakan ga komai ya dushe, ya ga kansa ba shi da amfani ta ko'ina. Yaya kuwa duk tunaninsa mutum ɗaya yake kewayawa, kuma laifi ɗaya yake tuhumar kansa da shi. Na kuma tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa, domin wannan tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar kowa, rashin yin ta ne ke da haɗari. Ya ce a'a, imaninsa ba zai bar shi ba. Amma ya ce sau da yawa yakan ji da ma shi ne a motar. Na rubuta wannan, na kuma riƙa komawa kansa a kowane zama.

Wani abokin aikinsa ya taɓa ce masa ai akwai matakai biyar na baƙin ciki, shi ya maƙale ne a na farko. Wannan ya ƙara masa jin ya faɗi wata jarrabawa. Matakan da Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969 ta samo su ne daga hira da marasa lafiyar da ke fuskantar tasu mutuwar, kuma ba tsani ba ne da kowa zai taka bi da bi.

Maganar haƙuri

Nan ne muka fi daɗewa, kuma nan ne nake ganin an fi cutar da shi ba da gangan ba. A fahimtar Yaya, haƙuri shi ne kada a ga komai a fuskarka. Ya ɗauka in ya yi kuka ya yi jayayya da ƙaddara, in ya ambaci ƙanen ya tayar wa Mama da ciwo. Duk wanda ya ce masa "ka yi haƙuri", abin da kunnensa ke ji shi ne "ka yi shiru".

Ni ba malamin addini ba ne, amma tunda da harshen imani yake magana, da shi na amsa masa. Na tuna masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ke cikawa, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Na tuna masa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, wadda har yau ake kira shekarar baƙin ciki. Na tuna masa Annabi Yakubu, wanda ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, kuma duk da haka idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu. Ya san duk waɗannan tun yana yaro. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya ga cewa da shi ma ake.

Aikin da muka yi

Na aro tsarin da Katherine Shear da abokan aikinta suka gwada, na zama 16. A rahotonsu na 2005, kashi 51 cikin ɗari na waɗanda aka bi da su ta wannan hanya sun samu sauƙi, a inda kashi 28 ne suka samu ta hanyar da aka saba bi wajen ciwon damuwa. Tushensa ra'ayi ne da Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan suka gabatar a 1999, cewa lafiyayyen alhini kai-da-komo ne: wani lokaci mutum ya fuskanci rashin, wani lokaci ya ajiye shi ya fuskanci rayuwa. Yaya ya kasa duka biyun. Bai shiga baƙin cikin ba, bai kuma fita ya rayu ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

Na yi kuskure a zama na uku. Na matsa masa a kan ya buɗe saƙon muryar, alhali bai gama yarda da ni ba. Mako biyu bai dawo ba. Matarsa ce ta lallaso shi, na ba shi haƙuri, na yi masa alkawarin ba zan sake tayar da maganar ba sai ranar da ya kawo ta da kansa.

Muka koma ƙananan abubuwa: lokacin kwanciya tsayayye, tafiyar ƙafa da yamma, da ci gaba da maganin hawan jininsa. Muka jera abubuwan da yake gudu daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya fara da wucewa ta tashar mota tare da matarsa, sannan shi kaɗai.

Mai wuyar ita ce ba da labarin ranar. Ya rufe ido ya faɗe shi kamar yanzu yake faruwa, tun daga kiran waya har ɗakin ajiye gawa, muka naɗa a wayarsa ya riƙa saurare a gida. Karo na farko ya karanto shi kamar rahoton ofis, cikin minti huɗu. Karo na uku, da ya iso kan "kai kullum a gajiye kake", muryarsa ta karye. Ya yi kuka kusan rabin awa, irin kukan da ke girgiza jiki gaba ɗaya. Ban ce masa komai ba, musamman ban ce ya yi haƙuri ba.

Sai bayan wannan ne aka iya taɓa zargin kan. Cewa da shi "ba laifinka ba ne" ba ta aiki, mutum ɗari sun riga ni faɗa. Tambayarsa na yi: sau nawa ka taɓa aiken ƙanenka a rayuwa? Ya ce ba adadi. Na ce da safen nan, me ka sani game da abin da zai faru a hanya? Ya ce babu. Na ce da kai ka je ka rasu, shi ya zauna a kujerar nan yana cewa shi ya kashe ka don ya ƙi zuwa, me za ka ce masa? Ya ce, "Zan ce masa kada ya yi wauta." Ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya yi shiru. A ganina zargin kai yakan yi wa mai alhini wani amfani a ɓoye: gara ya yarda cewa da ya iya hanawa, da ya yarda cewa irin wannan na iya faɗa wa duk wanda yake so, a kowace rana, ba yadda zai yi.

A zama na goma sha ɗaya ya shigo ya ajiye wayar a kan tebur, ya ce yau yake so. Wata 17 ya yi yana jin tsoron cewa a cikin saƙon akwai ƙorafi, cewa ƙanen ya tafi da fushinsa. Ya danna. Hayaniyar tasha ce ta fara fitowa, sannan murya: "Yaya, an karɓi takardun, ga shi za mu taso. Amma fa ka ci bashi, gaba kai za ka je mini." Sai dariya, saƙon ya ƙare. Ya maimaita shi sau biyar.

Ba kowa ke samun irin wannan ba. Da abin da ke cikin saƙon ya zo da ɗaci, da aikin ya fi haka tsawo, kuma mun shirya wa hakan kafin ya danna.

Inda yake yanzu

Mun kammala a zama na 18. Ciwon ƙirjin bai sake kai shi asibiti ba, ko da yake yakan taso jefi-jefi. Barci ya dawo mafi yawan darare. Ya zauna da mahaifiyarsu ya gaya mata cewa shi ya aiki ƙanen, abin da yake zaton ba ta sani ba. Ta ce ta sani tun ranar, domin marigayin ya biya ta wajenta kafin ya wuce tasha. Ita ma shiru ta yi don kada ta ƙara masa nauyi.

Makon da aka cika shekara biyu da rasuwar ya yi masa tsanani, har ya kira ni a firgice yana cewa komai ya dawo. Kwana tara ya ɗauka ya lafa. Har yanzu ba ya iya shiga mota zuwa garin da aka kai takardun, kuma bai yarda babban ɗansa ya yi tafiyar dare ba, ko da yake ya bar shi ya je gasar ta bana. Duk ƙarshen mako yana zuwa gidan ƙanen. A zuwansa na baya-bayan nan yaron ya tambaye shi ko Babansa ya iya ƙwallo lokacin da yake ƙarami. Yaya ya ce masa ko kaɗan bai iya ba, gola ake sa shi, kuma ko a nan ɗin kuka yake in an ci shi. Yaron ya ce a ƙara ba shi wani labarin, suka zauna a ƙofar ɗaki har duhu ya yi.